Masaukin da Ba a Shiga da Buta

Ni mai ƙyanƙyami ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ina ƙarama ba na shan ruwa a moɗar da wani ya kafa wa baki, in kuwa ƙuda ya sauka a kan tuwo, to ni da tuwon nan sai kallo. Da na girma sai Allah ya haɗa ni da aikin da ya ƙara min ciwon. A ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti nake aiki a Al Qusais, daga safe zuwa la'asar ba abin da nake karɓa sai jinin mutane da fitsarinsu da abin da ya fi wannan muni, a 'yan kwalabe masu murfi. Hausawan Dubai Likita suke ce min, na gyara musu har na gaji na bari.

A shekarar da nake ba da labari, shekara huɗu rabona da gida. Hutuna na shekara mako biyu ne cak, in ya wuce sai wata shekarar. Kullum ina da uzurin da nake ba ƙanwata ta kai wa Inna: yau aiki ya yi yawa, gobe ana sabunta biza, jibi ba a samu tikiti ba. Dalilin gaskiya kuwa, wanda ko maigidana ban faɗa wa ba, shi ne masan gidanmu. Rami ne a bayan ɗakin Inna, katangar ƙasa ba rufi, an kife bakinsa da tsohon murfin tukunya. In rana ta take, warinsa har tsakar gida, in ka ɗaga murfin kyankyasai ne za su fara yi maka maraba. A cikinsa na girma, amma zuwana na ƙarshe na kasa. Kwana tara na yi a gida ina shan shayi da biskit, na ce olsa ce ta tashi, don kawai kada cikina ya aike ni wajen.

To da hutun ya matso, wata abokiyar aikina ta nuna min hotuna a wayarta. Wani masauki ne a wani tsibiri can kudancin Tanzaniya, bukkoki 'yan kaɗan a bakin teku, rairayi fari tas, gado yana lilo a ƙarƙashin kwakwa. Ta ce ba mota, ba hayaniya, ba maƙwabta. Wannan ta ƙarshen ce ta kama ni. Gida ɗaya muke haya da wasu iyalai biyu, kicin ɗaya, injin wanki ɗaya, kuma matar ɗakin tsakiya ba ta taɓa cire gashinta daga magudanar banɗaki ba tun da na san ta. Na kai wa maigidana hotunan. Shi aikin kago yake a Murshid Bazaar, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya yana aunawa yana turawa, mutum ne mai sanyin hali wanda bai iya musu ba. Ya kalli bukkokin ya daɗe, sannan ya ce, "Hajiya, Inna fa?" Na ce baɗi in sha Allahu. Ya ce to.

Kwana biyu da kama ɗaki sai matar da ke kula da masaukin ta aiko da takardar shirin tafiya ta imel, shafi shida. Na buga ta a wurin aiki na riƙa karantawa a jirgin ƙasa na metro, kuma tun a shafin farko na fara yamutsa fuska.

Daga Dubai babban jirgi zai kai mu Darussalam. Daga nan sai wani ƙaramin jirgi mai kujera goma sha biyu, daga nan mota a kan turɓaya, daga nan kwalekwale, shi kuma kwalekwalen ba ya tashi sai teku ya cika. In muka makara ruwa ya janye, sai mu zauna a gaɓa mu jira shi ya ga dama. Ƙaramin jirgin ba ya ɗaukar akwati mai taya, sai jaka mai laushi, kowa kilo goma sha biyar har da jakar hannu. Ni da nake cika kilo goma sha biyar da mayafai da turare kaɗai. Abin da ya fi ba ni haushi, akwai gurbin da kowane fasinja zai rubuta nauyin jikinsa, wai don a san inda za a zaunar da shi kada jirgi ya karkata. Maigidana ya hau sikelin kago a shago ya auna kansa, ya dawo yana dariya, ya ce in zo gobe ya ɗora ni tsakanin katan biyu ba wanda zai lura. Na ce ya rubuta abin da ya ga ya dace da mutuncina.

Sai batun allura da magani. Dole a nuna katin allurar shawara, nawa kuwa yana can Kano a cikin wata jaka da ban san inda take ba, don haka na sake miƙa damtse aka caka min. Maganin zazzaɓin cizon sauro za a fara sha tun kafin a tashi. An ce mu zo da tocila, da man korar sauro, da riga mai dogon hannu, da takalmin roba saboda wata aba mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a cikin ruwa. Wutar sola ce, awa kaɗan a yini, ba a jona dutsen guga. Sabis ɗin waya sai an hau wani tudu bayan kicin. Abinci kuwa abin da masunta suka kamo ranar shi za a ci, har ta sa hoton wata halittar ruwa mai hannuwa takwas an gasa ta an naɗe a faranti, tana yi mata kirari. Na rufe hoton da babban yatsana na ci gaba da karatu.

Duk wannan na haɗiye. Na shiga kasuwa na sayo jakunkuna biyu masu laushi, da tocila, da 'yar fitilar sola, da takalman roba masu muni, kowace yamma ina ɗora jaka a sikelin banɗaki ina cire wannan ina mayar da wancan. Na fara jin kaina wata ƙwararriyar matafiya.

Shafi na huɗu ne ya tsayar da ni. Wanka da bokiti ne, an huda gindinsa an rataye da igiya, da ruwan rijiya da rana ta ɗumama. Bayan gida kuma rami ne a cikin wani ɗan shinge na ganyen kwakwa, ba rufi, wai don baƙo ya riƙa kallon sama. In ka gama sai ka ɗebi ludayi ɗaya na toka da garin katako ka zuba, ka mayar da murfi. Matar ta yi rabin shafi tana yabon ramin nan, yadda yake kare ƙasa, yadda baƙi daga manyan birane suke cewa shi ya fi burge su. Har da hoton murfin, an yi masa zanen kifi.

Na ajiye takardar a cinya na ce, wannan ai rainin hankali ne. Mutum ya keta teku da jirgi biyu da kwalekwale don ya je ya tsuguna a rami ya zuba toka? Amma da na sake kallon hoton sai na ga katakon a goge yake, ga fure a kwalba a gefe, sai na fara lallashin kaina cewa ai nasu na ilimi ne, an yi shi da tsari.

Tambaya ɗaya ce ta rage, na rubuta mata cikin ladabi. Na ce mu Musulmi ne, da ruwa muke tsarki, shin akwai buta ko in taho da tawa? Sai da na yi mata bayanin buta, da bakinta da mariƙinta, kamar mai tallar ta. Washegari ta amsa da fara'a da alamun murmushi har uku. Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma don Allah kada ruwa ya shiga ramin ko kaɗan, yana lalata takin da suke haɗawa. Takarda ake amfani da ita, a jefa a wani kwando mai murfi da ake kwashewa kullum. In kuma dole sai ruwa, akwai wani lungu na rairayi a bayan shingen, taku goma ne kawai.

Taku goma. Na karanta wa maigidana muna cin abinci, ya ajiye cokali ya ce, "A'uzubillahi, ki bari in gama." Ni kuwa kwandon ne ya tsaya min a rai. Na san abin da ke cikin irin wannan kwando fiye da kowa, shi nake leƙawa a na'ura kullum. Duk da haka ban soke tafiyar ba. Na sayo 'yar ƙaramar buta ta roba mai lanƙwashewa, na auna ta, na cusa a gefen jaka.

Ana cikin haka maigidana ya yi tasa ɓarnar. Ya nemi hutu a shago, sai wata Hajiya 'yar Kantin Kwari da yake ɗaure wa kaya shekara da shekaru ta ji, ta ce, "Masha Allah, ina aka nufa?" Shi kuma kunya ta kama shi. Da wane baki magidanci da ya shekara huɗu bai ga iyaye ba zai ce zai je ya kwanta a rairayi ya sha iska? Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Afirka za mu ɗan leƙa." Yana ganin ya yi dabara, bai yi ƙarya ba bai kuma faɗi gaskiya ba. Ya manta cewa a wurin Bahaushen Deira, unguwar 'yan kasuwa ta Dubai, Afirka wuri ɗaya ne, kuma ta filin jirgin Kano ake shigarsa.

Kafin magariba saƙo na farko ya iso. Duk wanda ya zauna a nan ya san dokar: mai tafiya gida ba shi da jaka, jakar jama'a ce. Mutumin da yake tura kwantena guda ta ruwa shi ne zai kawo maka ƙullin da zai ce sai hannu da hannu. Cikin mako ɗaya ɗakinmu ya koma sito. Ga tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ga dabino a leda har ya fara tsatsafo da zaƙi yana kiran tururuwa, ga kwalaben turaren mai da ɗaya ta fashe ta jiƙa min kafet, ga takalman wani da ya riga ya sa su ya gaji zai aika wa ƙanensa, ko wanke su bai yi ba. Kowa in ya kawo sai ya ce, "Shwayya ne, Likita, ɗan kaɗan, ba nauyi." Na sa safar hannu ta wurin aiki na tura su lungu ɗaya, na fesa musu magani.

Na ce da maigidana, "Malam, kai ka jawo, kai za ka mayar. Kilo goma sha biyar aka ce, ko gashin bakinka sai an auna."

Ya ce, "In ce musu me?"

"Ka ce musu gaskiya."

"Ke kin gaya wa Inna gaskiyar?"

Na tashi na shiga kicin na hau wanke kofunan da na riga na wanke.

Ran Lahadi bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa, maigidana ya fita sallah bai dawo ba. Wani dattijo ne da ban sani ba, baƙi siriri, rigarsa ta jiƙe da gumi har ƙugu. Ya ce daga Sonapur yake, can inda ma'aikatan gini suke kwana, birkila ne, yau ce ranar hutunsa, bas biyu ya hau kafin ya gano gidan. Yana rungume da wani ƙunshi da aka naɗe da baƙar leda aka zagaye da salatif har ba a ganin ledar. Bargo ne, in ji shi, na tsohuwarsa, ƙafafunta suna damunta da sanyi. Ya faɗi sunan unguwarsu, ashe garinmu ɗaya.

"Ai na san gidanku, Likita," ya ce, "mai darbejiya a ƙofa. Tsohuwata da Innarki tare suke zuwa awon hatsi a kasuwa. Da na ji za ki gida na kira ta, ita kuwa ba ta zauna ba sai da ta je ta yi wa Innarki albishir."

Na buɗe baki zan ce ba gida za ni ba, sai ya miƙo ƙunshin da hannu biyu. Hannuwan duk sun tsage, siminti ya shiga tsagun ya zauna, farcen babban yatsa ya mutu ya yi baƙi. Na karɓa da bakin yatsu na jingine a bango. Kwalbar man tsabtace hannu tana kan teburin bakin ƙofa, hannuna ya kai kanta da kansa kamar yadda ya saba, na matsa na murza. Ya gani. Ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su, ya yi min godiya har sau uku, ya ce Allah ya kai mu lafiya. Ko ruwa ban ba shi ba, sai da ya sauka na tuna.

Na ƙudura cewa gobe zan kira ƙanwata ta gyara zancen. Goben ta zo na ce jibi. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kirana a waya, ko gaisawa muke a wayar ƙanwata ba ta wuce "lafiya lau" ta miƙa mata. Na riƙa gaya wa kaina cewa mace mai kunya irin wannan ba za ta nuna damuwa ba, za ta ce Allah ya kaimu baɗin, shi ke nan, khalas. Haka na yi ta ja har kwana goma, ina ci gaba da auna jaka.

Ƙanwata ce ta riga ni. Ta kira ta bidiyo ina hutun cin abincin rana, takardar masaukin tana buɗe a gabana a shafi na huɗu, ina ja wa wasu layuka biro. Tana raɗa tana dariya.

"Yaya, Inna ta ce kada a gaya miki, amma wallahi ba zan iya ba. Duba."

Ta juya wayar. Na ga bayan ɗakin Inna, na ga tsohuwar katangar masai, a gefenta kuma wani sabon ɗan ɗaki na bulo, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe ko fenti ba a yi mata ba. Ta tura ƙofar. Tayil fari a ƙasa, an ɗan karkace shi wajen lungu, sai masai na zama irin na tangaran a tsakiya.

Na ce, "Wannan fa?"

"Naki ne. Tun ranar da aka zo da albishir ta sa aka kira magina, ta sayar da tumakinta biyu. Ita ke tsaye a kansu, har faɗa ta yi da mai tayil." Ta ƙara rage murya. "Shi tangaran ɗin ai ya daɗe. Tun bara waccan ta sa aka sayo shi daga Kano, yana ƙarƙashin gadonta a naɗe da tsohon zani. Ta ce ba za a kafa ba sai an ji ranar zuwanki, kada ya tsufa kafin ki gan shi."

Na ajiye biron a kan takardar. Ita kuwa ta ci gaba.

"Kin san me ta ce da Gwaggo? Ta ce wancan zuwan, yarinyar nan ba olsa ke damunta ba, masai ne. Ta ce kwana tara tana tuƙa tuwo ana dawo mata da shi, ta san ciwon ciki ta san wanda yake tsoron ƙoshi."

Shekara huɗu ina aika mata da ƙaryar biza da tikiti, tana karɓa tana cewa Allah ya kawo sauƙi, ashe ta sani tun daga kwanon tuwo na farko. Na dubi takardar da ke gabana, inda na ja layi a ƙarƙashin ludayin toka don kada in manta. Toka ce Inna take zubawa a masanmu kowace safiya tun kafin a haife ni. Na yarda in hau jirgi biyu da kwalekwale, in sha allura, in faɗi nauyina, in yi taku goma da buta a ɓoye, don ramin wata baƙuwa da aka ajiye wa fure a gefe, amma na ƙi ramin uwata. Na sha jin ƙyamar abubuwa a rayuwata, a wurin aiki da wajensa, ban taɓa jin irin wadda na ji wa kaina a ranar ba. Abincin da na buɗe ban ci ba, na mayar da murfin.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kina ji na? Ranar yaushe za ku sauka?"

Na faɗa mata ranar da ke kan tikitin Darussalam.

Da yamma na rubuta wa matar masaukin layi biyu na ce ba za mu samu zuwa ba. Ta amsa da alamar fuskar baƙin ciki, ta ce teku zai jira mu. Maigidana bai ce "ai na faɗa" ba, Allah ya saka masa, ya dai fita ya canza tikiti ya dawo da manyan jakunkuna masu zanen dara guda huɗu da salatif. Ya ce, "Yalla, Likita, yau za ki ga aikina." Ya ɗaure tukunyar shinkafa da dabino da takalman nan marasa wanki, ya auna, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Bargon dattijon na ce a bar min shi, a jakar hannuna zai tafi.

Da na zo kwance jakunkunan masauki don in sake shiri, sai na ga ba abin da zan cire. Tocila, fitilar sola, man sauro, maganin zazzaɓi, riga mai dogon hannu, duk abin da takardar nan ta lissafa shi ake buƙata a gidanmu. Takalman roba kaɗai na bari, suna nan har yau a ƙasan kabad.

Mun isa garinmu da hantsi. Inna ta fito ta gaisa da maigidana, ta tambaye shi hanya, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Dubai kamar ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ni ko kallona ba ta yi ba, sai da na durƙusa ta ce "lafiya lau" tana duban darbejiya. Ta rame, ta kuma rage tsawo. Da aka shimfiɗa min tabarma ta kwance bakin zaninta, ta ciro ɗan makullin kwaɗo, ta ajiye a gefen tabarmar, ba a hannuna ba. Ta ce da ƙanwata, "Ki ce da ita ba wanda ya shiga."

Na je na buɗe. Ba famfo, bokiti ne cike da ruwa a gefe, da sabuwar buta shuɗiya ko takardar kanti ba a ɓare mata ba. Ina fitowa na hangi Inna ta ɗauki tsohuwar butarta mai ɗaurin waya, ta zagaya ta shiga tsohon masai, ta ja buhun da ke rufe ƙofar.

Da azahar aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a kwanon da na sani. Inna ta zauna can bakin murhu ta ba ni gefe, tana tsince wake a faifai, amma hannunta ba ya motsi. Na wanke hannu a kwanon da kowa ya wanke. Ina kai loma ta biyu ƙuda ya sauka a kan tuwon, ya yi tafiyarsa a natse har bakin miya. Na kore shi, na gutsura daga daidai wurin na ci. Na cinye tas na suɗe kwanon.

Inna ba ta ɗago ba. Ta watsa tsakuwa ɗaya daga cikin waken, ta ce da ƙanwata, "Ƙara mata."